Ƙullin Koma

A tsibirin Samar, inda teku ke lasar ƙafar ɗaki,
ba guguwa ce ta tsaga gidanmu ba.
Guguwa daga baya ta zo.
Kwale-kwalen Ruperto ne, da ya dawo gaɓa da asuba
shi kaɗai, ba matuƙi,
fitilarsa tana ci.

Baba Melanio ya ce, ke kika aike shi a daren nan.
Inna Perpetua ta ce, bashinka ne ya tura shi ruwa.
Sau ɗaya aka faɗa.
Amma magana zarar bunu ce.
Ya naɗe komarsa, ya koma tsallaken ruwa,
ta juya hotonsa ya fuskanci bango.

Shekara bakwai ni ce gada.
In kai masa shinkafa a ganyen ayaba,
in kawo mata busasshen kifin da ya ce wai ya yi masa yawa.
Ba wanda ya taɓa cewa a gaishe ta,
ba wadda ta taɓa tambaya ko tarinsa ya lafa.

Na durƙusa har gwiwata ta yi kanta.
Na ce, Yesu, kai da ka san raunin ƙusa,
ka ɗinke mana wannan yau, kafin gari ya waye.
Gari ya waye.
Ya sake wayewa.
Na yi fushi da kai, ka sani, na daina kunna kyandir.

Sai guguwar ta zo ta yaye rufin cocinmu.
Makon Ista ya same mu ƙarƙashin tamfol mai yoyo.
Ranar Alhamis ta wankin ƙafa,
Fada Anselmo ya ɗaga hannu a naɗe, kwanon rufi ya yanke shi,
ya ce, yau kowa ya wanke wa na kusa da shi.

Ruwan sama ne ya tsara zama, ba ni ba.
Benci ɗaya ne bai jiƙe ba,
kowa ya matsa, ya matsa,
har kafaɗar Baba ta taɓa mayafin Inna.

Tasa ta iso gabanta.
Na ga haƙoranta sun ciji leɓe.
Ta sunkuya don kada a ce ta ƙi,
sai ta ga ƙafar:
faso, gishiri, tabon ƙugiya,
da ɗan yatsan nan karkatacce
wanda Ruperto ya gada,
wanda ta sha sumbata yana jinjiri.

Ta zuba ruwa.
Ta daɗe tana zubawa, har buta ta ƙare.
Shi kuwa, mutumin da bai yi hawaye a bakin kabarin da ba gawa ba,
ya kifa fuska a tafin hannu
yana rawa kamar ganyen kwakwa.

Kada in yi muku ƙarya, bai dawo a daren ba.
Sai da wata uku suka shuɗe.
Har yanzu sukan yi cacar baki kan gishirin miya,
wani lokaci yakan kwana a baranda.
Amma ranar Lahadi, kafin a sa hannu a akushi,
sukan ambaci sunan Ruperto
ba wanda ya tashi ya bar tabarma.

Jiya na zauna ina kallon Baba yana gyaran koma,
zare a baki, ido a ƙanƙance.
Na ce, me zai hana ka sayi sabuwa?
Ya ce, wannan ta san ruwan nan.

Ya Ubangiji, ashe haka kake aiki.
Ba ka yar da abin da ya yage,
ido ɗaya bayan ɗaya kake bi,
kuma ba ka ɓoye ƙullin.
Na sa yatsa na ja inda ya ƙulla.
Bai sake ba.

Na tashi na nemo ashana.